Kwana Goma a Ɗakin Masara

A shekarar korona, bayan na yi wata takwas a gida Birnin Gwari, makarantar da nake karatun haɗa magunguna a ƙasar waje ta aiko mana mu koma. Sharuɗɗan ne suka ɗaga min hankali. Sai an gwada mutum kwana uku kafin tashin jirgi, takarda ta nuna ba shi da cutar, in ya sauka kuma a killace shi mako biyu. Wanda bai isa a wannan zangon ba ya rasa gurbinsa, tallafin karatu ma ya tafi. Ni kuwa shekara ɗaya ta rage min.

Sai na ce gara in killace kaina tun daga gida, kada in kwaso abin da gwaji zai kama. Na ja katifa zuwa ɗakin da muke jibge buhunan masara. A bakin ƙofa ake ajiye min abinci. Salla ni kaɗai, ina jin kabbarar liman daga masallacin ƙofar gida. Ranar Juma'a da maza suka tafi masallaci, gidan ya yi tsit, na ji kaɗaici irin wanda ban taɓa ji ba ko a ƙasar mutane.

'Yan gidanmu dariya suka mai da ni. Ƙanwata ta ce na zama amarya, saura lalle. Ban ga laifinsu ba yanzu: garin da hankalin kowa ke kan daji, wa aka ɗauke a gona, wace hanya ta rufe, ina za a ji tausayin mai gudun tari? Amma a lokacin fushi nake yi, ina musu wa'azin ƙwayar cuta ta taga.

Rana ta shida Baffa, yayan mahaifina, ya zo daga Kutemeshi a kan babur don mu yi sallama. Ya miƙo hannu. Na ɗora nawa a ƙirji.

"Baffa, ku yi haƙuri, ba na musabaha."

"Wa ya hana ka?"

"Gwaji za a yi min."

Ya dubi tafin hannunsa, ya goge a riga. "Na ratso dajin nan ban ji tsoron bindiga ba, kai kana tsoron hannun tsoho. To, Allah ya ba da sa'a." Ya ajiye ƙullin gyaɗa a ƙasa ya juya. Kunya ta hana ni cin tuwon ranar.

Saura Inna. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunana, ba ta zama hira da ni, balle ta taɓa ni. Sai ranar tafiya kaɗai. Ranar nan takan sa in durƙusa, ta dafa kaina, ta karanta abin da ya sawwaƙa ta tofa min. Ban taɓa taka mota ba tare da wannan tofin ba. Ga shi kwana biyu kafin in tafi, mura ta kama ta, ina jiyo tarinta ta bango. Na shirya maganar da zan hana ta da ita, har na haddace.

Da safe motoci suka fara taruwa don jiran rakiyar sojoji zuwa Kaduna. Na fito da jaka, takunkumi a fuska. Tana tsaye a ƙofar ɗakinta. Ina ganinta maganar da na haddace ta gudu. Na cire hula, na durƙusa a gabanta.

Ta ja da baya.

"Kai, tashi."

"Inna, ki tofa min. Duk abin da zai faru ya faru."

"Kwana goma kana kwana da ɓeraye, sai ni zan ɓata maka da bakina? Tashi, mota za ta bar ka."

Ta ja hijabi ta toshe bakinta, ta ɗaga hannu ɗaya daga inda take. Ina ganin yadin yana motsi, ban ji ko kalma ɗaya ba. Na shafa fuska, na daɗe a durƙushe ko za ta sake shawara. Ta shige ɗaki ta saki labule, sannan tarin da take ta dannewa ya ƙwace mata.