Ƙarfen da ke Kafaɗar Shitu

"Ko ɗan guntun allura babu a jikinka, Baba?" in ji Barakatu, ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi. "Wannan inji da maikirowef yake gasa nama daga ciki. In ya tarar da ƙarfe, wuta ce."

"'Yata, je ki Doguwa ki tambaya," in ji Shitu. "Shekara talatin ina tauri. A cikin nan nawa aka lanƙwasa wuƙaƙe sun fi ɗari."

Ƙaninsa Bature, wanda ya kawo shi asibitin, yana gefe a tsaye. A gabansa kuwa Shitu ba zai faɗi gaskiya ba.

Shitu manomi ne, ɗan banga kuma. Bara ɓarayin shanu suka tare shi da abokan sintirinsa a bayan dutse. Suka sare Abba maƙwabcinsa a wuya, jini na tsartuwa kan karan dawa. Shitu ya fasa kan guda da gora, wani ya ɗirka masa a kafaɗa bindigar toka da aka ɗura da gutsattsarin ƙusa. Da ya dawo gida sai ya ce ƙaya ce ta yage shi. Ya ƙwaƙule biyu da aska a bayan ɗaki, sauran nama ya rufe su. Tun daga nan kafaɗar ta sandare, ko fartanya ba ta ɗagawa, ga damina ta matso.

Barakatu ta saita injin a kafaɗarsa, ta kunna. Da fari ɗumi ne mai daɗi. Can sai ya ji kamar maƙeri ya soka masa jan ƙarfe har ƙashi. Ya cije leɓe har ya fashe, gumi ya wanke shi. Ƙafarsa ta yi harbi, tiren magani ya tarwatse a ƙasa.

Ta kashe injin da sauri, ta duba fatar da ta tashi jawur.

"Baba, in ka ƙara ɓoye min, hannun nan za ka rasa."

Shitu ya nuna kafaɗar da yatsa.

"Ƙusa ce. Wajen huɗu."

"Yaya, ai duk gidan an sani," in ji Bature a hankali. "Ka fiya nishi in ka kwanta ta wannan ɓarin."

Ta wanke ƙunar, ta naɗe, ta rubuta masa takardar ɗaukar hoto, a ga inda gutsattsarin ƙusar suke kafin a ciro. Shitu ya saɓa rigarsa a kafaɗar mai lafiya, ya tambayi inda ɗakin hoton yake, ya nufi can.