Ɗan Farin da Ba a Rubuta Ba

Duk wanda ya zauna a Kazaure a shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa ya san Bintu 'Yar Kumasi. Ita ce doguwar matar nan mai zanen Barebari a fuska, wadda ke zama gindin darbejiya a bakin tasha da tukunyar wake da shinkafa. Shinkafarta ja take fitowa, don tana jefa karan dafi a ruwan dahuwa kamar yadda ta koyo a can. Ba ta da yawan magana, kuma idan ka nemi ƙarin yaji sai ta dube ka kamar ka zagi tukunyar. Mutane na cewa tana da taurin rai. Ni dai ban yarda ba, kuma ina da dalili.

A Kazaure aka haife ta, gidan wani mai fataucin kanwa da iyayensa suka taso daga Barno. Tana budurwa ta auri Bunu, mai safarar goro, ya ɗauke ta suka tafi Kumasi tun Turawa ba su fara haɗa kayansu ba. A zangon Hausawa suka sami ɗaki, cikin gidan da yayarsa Adda take zaune. Shekara na zagayowa Bintu ta haifi namiji, aka raɗa masa Muhammadu Lawal.

To, ɗan fari ne, kuma Bintu tarbiyyar Kazaure gare ta. Ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta yi masa wasa, sunansa kuwa ko da kuskure bai taɓa fitowa daga bakinta ba. Ana yaye shi aka miƙa wa Adda. Idan dole ta kama Bintu ta ambace shi, sai ta ce "na ɗakin Adda". Amma kullum ta sauke tukunya, tsokar da ta fi kowace laushi takan ɓace daga miya, a same ta cikin ɗan kwano rufe da faifai a ƙofar ɗakin Adda. Kowa a gidan ya san mai ajiyewa, ba kuma wanda ya taɓa ganinta tana ajiyewa.

Bayansa ta haifi mata biyu, Abu da Uwa, waɗanda take ƙwala wa kira har maƙwabta su gaji. Sai Bunu ya kwanta ciwon kwana tara ya rasu. Ba a rufa shekara ba Adda ta bi shi. Yaron ya dawo hannun uwarsa yana ɗan shekara goma sha huɗu, yana jin yaren Tonawa, mutanen Kumasi, kamar ɗan gari, amma har lokacin shi ne "na ɗakin Adda", alhali an riga an ba wasu ɗakin haya.

Ƙarshen 1969 aka yi shela cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Bintu ta yi shekara goma sha shida a Kumasi ba wanda ya taɓa tambayar ta takarda. Abin da ta mallaka mai rubutun boko guda ɗaya ne, tsohon lasin cinikin goro na Bunu, da take ajiye a ƙasan kwalla. Aka ce mata sai ta je babban birni ta karɓo takardar tafiya, in ba haka ba ba za a bar ta ta ratsa ƙasashen da ke kan hanyar gida ba. Ta sayar da gado da tukwane, ta kwashi yaran suka tafi.

Kwana uku ta yi a layi. An ɗauke ta hoto, wanda ta fito a ciki kamar an faɗa mata rasuwa, an dangwala mata yatsa a tawada. Da ta isa gaban akawu ya tambayi sunan mijinta, sai ta tura masa lasin, ya kwafa, ta tsira daga wannan. Sai ya tambayi sunayen 'ya'ya. Ta ce Abu da Uwa. Ya ce su ke nan? Bayanta maza ne cunkus, wasu ma abokan Bunu ne. Ta sunkuyar da kai tana gyara bakin mayafi. A ranta tana ganin ai kowa ya san ba a lissafa ɗan fari, akawun ma ɗan mutane ne, zai gane da kansa. Shi kuwa bawan Allah mutum ɗari ke jiransa. Ya buga hatimi ya ce na gaba.

Ba ta san ta yi ɓarna ba sai a kan iyaka. Da hantsi babbar motarsu ta tsaya a shinge, aka sauke kowa, wani jami'i mai jin Hausa kaɗan-kaɗan yana karanta takardu yana ƙirga kawuna. Ya ƙirga na Bintu ya ga rai uku a rubuce, huɗu a tsaye. Ya janye yaron gefe. Bayan shingen akwai wani fili da aka kewaye da waya, inda marasa takarda ke zube a rana, wasu sun fi mako. Can za a kai shi, mota kuma ba ta jiran kowa.

Jami'in ya tambaye ta ko ɗanta ne. Bintu, Allah Sarki, ta ce ɗan gidansu ne. Wannan amsa ta ƙara dagula lamarin. Mutumin ya ce tun da suka sauko yake lura, matar nan ko kallon yaron ba ta yi ba, wace irin uwa ce wannan? Wani dattijo mutumin Roni da ke cikin motar, Kawu Daudu, ya matso ya yi masa bayani a tsanake, cewa haka ake yi a wajenmu, kunya ce ba ƙiyayya ba, shi kansa har tsohuwarsa ta rasu bai ji sunansa a bakinta ba. Jami'in ya saurara, don ba mugu ba ne, sai dai ya ce kunya ba ta cikin takarda. Ya ja yaron nesa, ya tambaye shi sunansa, ya rubuta a tafin hannu ya dunƙule. Ya dawo ya ce in ita ta haife shi ta faɗi abin da ke hannunsa, kuma kada wanda ya taya ta.

Direba ya fara danna ham. Abu da Uwa suka riƙe mata zani. Bintu ta ɗaga kai, karo na farko a gaban jama'a, ta dubi ɗanta sosai. Yana tsaye da ƙunshin tabarma a ka, bai yi kuka ba, bai roƙe ta ba. Kansa a ƙasa yake, yana taya ta jin kunyar. Nan ta gane cewa yaron ya riga ya haƙura, ya fi son a kai shi bayan waya da ya ga an tozarta ta. Abin ya soke ta a zuciya fiye da rasuwar Bunu.

"Muhammadu Lawal," in ji ta. Muryar ta fito a shaƙe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

Jami'in ya ce bai ji ba.

"Muhammadu Lawal. Ni na haife shi, ranar Laraba, da damina. Ɗana ne."

Yaron bai san lokacin da ya amsa ba. "Na'am, Inna," ya ce, tabarmar ta zame daga kansa ta faɗi. Kawu Daudu ya juya baya yana ta fyace hanci, wai ƙura ce ta shige shi. Jami'in ya buɗe tafin hannunsa ya duba, ya ciro alƙalami ya ƙara suna na uku ƙarƙashin na Uwa, ya buga hatimi a kai. Tawadarsa shuɗiya ce, ta akawu kuwa baƙa.

Kada ka ɗauka daga ranar ta canza. Suna shiga mota ta ja mayafi ta rufe fuska, har suka iso Kazaure ba ta ƙara duban inda yake ba. Ya yi karatu, ya zama malamin makaranta a Gwiwa, ya yi aure, duk yana nan a "na ɗakin Adda". Matarsa Amarya takan zolaye ta, ta ce Inna wai wa kike nufi, Bintu ta ce za ta ci gidansu. Amma duk Juma'ar da ya hau kekensa ya zo gaishe ta, yakan tarar da ɗan kwano rufe da faifai a bakin zaure.

Shekara bakwai da dawowarsu ya biya mata kujerar Makka, ya raka ta Kano yin fasfo. Akawun can ya tambaye ta wa za a nema idan wani abu ya same ta a hanya. Malam Lawal na tsaye a bayanta, ya buɗe baki zai amsa don ya sauƙaƙa mata, sai ta ɗaga masa hannu. Ta kwance bakin zani ta fito da tsohuwar takardar nan, ta yi laushi don ninki, ta shimfiɗa ta a kan tebur. Bintu ba ta san ko baƙi ɗaya na boko ba. Amma yatsanta bai yi lalube ba, kai tsaye ya sauka a kan shuɗin layin, inda takardar ta fi ko'ina dushewa saboda yawan shafawa.