Sababbin Haƙoran Gwaggo Ozella

Ranar da na fara bin Gwaggo Ozella farautar talotalon daji, sandar ɗura bindiga na harba. Na zuba albarushi, na cusa tsumma, na zuba ƙwayoyin dalma, na danna da sandar, sai baki ya ɗauke ni da labari na manta ban zare ta ba. Da namijin talotalo ya fito fili yana taƙama, ya baje wutsiya kamar mafici, na ja kunama. Bindiga ta hankaɗa ni na faɗi zaune cikin ƙaya, sandar kuwa ta je ta kafe a jikin wata bishiya tana karkarwa. Talotalo ya dube ni, ya dubi bishiyar, ya yi tafiyarsa ba ko sauri.

"Dewey," in ji Gwaggo, "da na san kibiya kake so, ai da baka na nemo maka."

Ƙanwar mahaifina ce, an haife ta a can ƙuryar kwarinmu, cikin duwatsun gabashin Kentucky a Amurka. Tana yarinya babu talotalo a daji, an cinye su tun zamanin kakanni. Na gida take kiwo, da su take wuni, har ta iya maganarsu. Ta san kukan macen da ta ɓace wa 'yan uwanta, ta san na mai neman miji, kuma duka da bakinta take kwaikwayon su. Da talotalon daji suka dawo duwatsunmu tana matar aure, sai ya zama ta daɗe da shiri.

Mijinta, Estill Caudill, mai haƙar kwal ne. Shi ya ƙera bindigar da hannunsa, harba-ka-ruga mai dutsen ƙyastu, doguwa kamar tabarya. Duk bazara, in dusar ƙanƙara ta narke itatuwa suka fara toho, sai su hau dutse da asuba, ita ta kira, shi ya harba, ta sauko ta wuce ɗakin girkin makaranta inda take dafa wa yara wake da wainar masara. Da ƙurar kwal ta cinye masa huhu ya rasu, muka ɗauka farauta ta ƙare. Bazara na zagayowa muka ji ƙarar bindiga daga kan dutse. Ta sauko da tsuntsu a kafaɗa.

Abu ɗaya ne Gwaggo take ɓoyewa, bakinta. Haƙoranta sun zube tun da wuri, saura 'yan tsiraru. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin ta yi dariya ba tare da ta kai hannu baki ba. A hunturun bara likita ya cire ragowar, ya yi mata sababbi, farare tas, jere kamar ƙwayar masara. Ranar Lahadi ta tsaya a layin gaba a coci, ta buɗe baki ta rera waƙa, ta yi wa kowa murmushi har da waɗanda ba ta shiri da su. Ta kuma rantse ba mai rai da zai sake ganin ta ba haƙora.

Sai bazara ta zo. Muka hau dutse, ta jingina da bishiya, ta tattara numfashi ta yi kira. Abin da ya fito ya fi kama da butar shayi ta tafasa. Ta sake, haƙoran suka yi ƙas a tsakiyar kukan. Wani namiji da ke ta ruri a ƙasan kwari ya yi tsit, ba mu ƙara jin sa ba.

"Gwaggo, kin yi masa fito," na ce. "Wataƙila kare zai zo."

Ba ta yi dariya ba, abin da ya sa na san ba lafiya. Haka aka yi ta yi kusan duk kakar farautar. Na sayo mata ɗan akwatin katakon nan da ake gogawa ya yi kukan mace.

"In kira miji da akwati? Ni? Ka kai wa 'yan birni."

"To ki cire haƙoran mana in za ki yi kira."

"Ka cire wandonka ka shiga coci tukuna."

Ana saura kwanaki a rufe farauta, na tarar ta goge bindigar da mai ta shimfiɗa a kan tebur. Ta ce in talotalo ba su amsa mata gobe ba, in zo da ƙusa mu rataye ta a bango. Ta ce ba harbin ne ya dame ta ba, ta ci naman da ya ishe ta. Tun tana yarinya in ta yi magana ana amsa mata, yanzu ta zama baƙuwa a kan dutsenta.

Washegari muka zauna a bakin wani fili, gari na wayewa, raɓa ta jiƙa mana gwiwa. Can nesa namiji ya yi ruri. Ta kira, fito ya fita. Namijin ya yi shiru. Da ya sake ruri, ya ƙara nisa, yana gangarawa wajen rafi. Na saci kallonta. Ta daɗe tana duban inda kukan ya fito, tana murza hankici a hannu.

"Dewey, juya ka fuskanci bishiya."

"Me na yi kuma?"

"Ka juya, na ce. In ka waiwayo, bindigar nan ɗure take, kuma ba ta san dangi ba."

Na manna hanci a ɓawon itace. Na ji wani ɗan motsi, sannan aka yi kira a bayana. Wallahi da ban san wadda ke zaune a wurin ba, da na rantse budurwar talotalo ce ta gaji da jira. Kafin ta rufe baki namijin ya amsa, har kwarin ya ɗauka. Ta yi masa 'yar shagwaɓa, ta yi shiru ta bar shi da ƙaiƙayi. Ya sake amsawa, kusa. Na ji yana jan fukafukai a kan busassun ganye. Tururuwa na hawa wuyana, ban isa in motsa ba. Ƙyastu ya yi ƙyas, bindiga ta tashi, warin albarushi ya cika mini hanci.

Saboda haka in wani ya tambaye ni yadda aka yi farautar da ta fi kowace a rayuwata, abin da zan iya bayarwa shi ne bayanin ɓawon bishiya.

"To, waiwayo."

Hayaƙi na washewa, tsuntsu na kwance a fili, gemunsa har ƙasa. Gwaggo na zaune, haƙora sun koma mazauninsu, tana dariya da dukkansu, hannayenta biyu a kan bindiga. Ta ce ƙusar nan in ajiye ta, wataƙila ta yi amfani a gyaran kejin kaji. Baɗi kuma in nemo bishiya mai laushin ɓawo, tunda can ne wurina.

Na saɓo tsuntsun muka kama gangara. Bakina ya dawo aiki.

"Gwaggo, abin tausayi. Jarumi kamar wannan, ya baro 'yan mata a rafi, ya zo da gudu wajen tsohuwa ba haƙori ko ɗaya."

Ba ta ko waiwayo ba.

"Namiji ai ba ya duba baki, murya yake bi. Ka tambayi matarka yadda aka yi ka shigo hannu."