Langar da Hajiya Ta Mayar Mini

Har in koma ga Mahaliccina ba na jin zan manta ranar da maƙwabciyata ta mayar mini da langar dambu daga bakin ƙofarta, ko murfin ba ta ɗaga ba.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu a Fagge. Iyayenta daga ƙasar Yarabawa suka zo, amma a nan aka yanke mata cibiya, a nan ta koyar a firamare har ta yi ritaya. Shekara da shekaru muna ciyayya: in na yi dambu langata ta shiga gidanta, in ta tuƙa amala da miyar ayoyo langar ta dawo mini a cike. Ni kuwa Allah ya yi ni da saurin hawa, sai na ji raina ya ɓaci.

"Hajiya, lafiya? Wani abu na yi miki?"

"Yi haƙuri ƙanwata," in ji ta, "ba na gari. Ina Masar."

Na dube ta, na dubi tsohon silifas ɗin da ke ƙafarta, na ce a raina shi ke nan, tsufa ya fara taɓa baiwar Allah.

'Yarta ce ta biyo ni gida ta warware mini. Ita kaɗai Hajiya ta haifa, kuma daga ɗaki take yi wa wani kamfanin ƙasar waje aiki ta kwamfuta. Ɗaukewar wuta da yankewar netwok sun sa kamfanin ya yi mata kashedin ƙarshe: ko ta koma inda aiki zai tafi daidai, ko su nemi wata. Ita kuma ta rantse ba za ta tafi ta bar uwarta ba. Ƙasa biyu ta sa a gaba, Masar da Ghana. Ta auna kuɗin haya, wuta, abinci da magani, ta ga a lissafinta Masar ta fi sauƙi, fanshon Hajiya zai fi auki a can.

"Inna, na nuna mata komai," in ji yarinyar kamar za ta yi kuka. "Sai ta ce wannan lissafin abin da ake saya ne, ina na abin da ba a saya? Wai sai ta gwada zaman da babu maƙwabci ta gani."

Ashe da gaske take. Ta daina karɓar ciyayya. Ta daina bin motar maigidana zuwa kasuwa, sai ta tari adaidaita sahu ta biya. Famfonta ya lalace, ta ƙi kiran maƙwabcinmu da ke gyara mata kyauta, ta ɗauko baƙo. Hira ma ta yanke, wai a can da wane yare za ta yi ta? Na yi ta ƙorafi, amma a ƙasan raina matar nan ta burge ni. Mutane da yawa sai sun sayar da gida sun tafi sannan idonsu ke buɗewa.

Wata rana da hantsi ina shanya na ji wani abu ya faɗi a tsakar gidanta, sai kuma shiru. Da can ko allura ta ɓace mata sai ta ƙwala mini kira ta katanga. Na jefar da zanin na faɗa gidan ko sallama babu. Na tarar da ita zaune a ƙasa kusa da murhu, gwiwa ta riƙe, ta kasa tashi. 'Yar tana ɗaki ta toshe kunne tana taro da mutanen kamfani.

"Haba Hajiya! Ba ki da baki ne?"

Ta yi dariya, hawaye na zubo mata. "A Masar wa zan kira? Ɗaga ni, ƙanwata. Na dawo."

Da gwiwar ta lafa na raka ta kasuwar Sabon Gari wajen wata 'yar'uwarta mai zuwa Ghana fatauci. Na zaci farashin shinkafa za ta tambaya. Ina! Cewa ta yi, unguwannin Zango da ake faɗi, da gaske ana jin Hausa? Mata na shiga gidajen juna? In tsohuwa ta kwana biyu ba a gan ta ba, akwai mai leƙowa? Matar ta ce akwai, amma fa haya da zafi.

Nan take Hajiya ta yanke shawara. Ta ce wa 'yarta, "Ba na kushe Masar, ke da kike da Turanci da Larabci za ki ji daɗinta. Ni kuwa duk abin da maƙwabta ke mini sai na saya, wani ma ba ya sayuwa. Mu tafi mai tsadar, ita ce mai arha a wajena. A rage ɗaki ɗaya a gidan da za mu kama a Ghana."

Haka aka yi, aikin yarinya ya tsira. Ranar tafiya langar nan na cusa mata a jaka.

Bayan 'yan watanni hoto ya shigo wayata. Langata ce a kan wata tabarma da ban sani ba, cike da shinkafa da wake, ba kuma girkin Hajiya ba ne, na san hannunta. Ta turo murya: "Na aika da amala, kin ga abin da ya dawo." Na zauna na sha kukana, rabi daɗi rabi kishi.

Tun daga ranar, duk wanda ya zo mini da zancen ƙasa kaza ta fi ƙasa kaza arha, nakan ce ya fara duba abin da ke shigowa gidansa ba da kuɗinsa ba, sannan ya tambaya ko a can akwai wanda zai ji faɗuwarsa ta katanga.