Magen da Ta Gaje Ni da Raina

Ran kasuwar Tudun Wada da ta wuce, na ga wata tsohuwa ta baza mazarai a kan buhu, babu mai ko tayawa. Na durƙusa na ɗauki guda, na murza shi a tafin hannuna. Da ya yi 'yar ƙarar nan tasa, sai kawai na gan ni a ƙofar ɗakin kakata, a wani ƙauye gefen dajin Falgore, da hantsi, hayaƙin kara da ƙamshin man shanu na tashi. Tsohuwar ta tambaye ni ko mai ɗakina na kaɗi. Na ce mata a'a, tuna baya kawai na yi.

A hannun Kaka na tashi. Yaye aka kawo ni wurinta daga Tudun Wada, inda Baba yake ɗinki, da aka zo ɗaukata kuma ta ce ba ta san wannan zancen ba. Ka dai san wasan kaka da jika: ni ne maigidanta. Ragowar furarta tawa ce, ƙanzon tukunya nawa ne, gefen gadonta na jikin bango nawa ne. Ni kuwa Allah bai yi ni da zama ba. Ban iya tafiya ba sai gudu. Na fasa tulu, na hau rumbu, na kwance akuya ta shiga shanyar kuɓewa. Kaka takan ɗaga muciya ta ce yau sai ta karya ni, amma muciyar nan ba ta taɓa sauka a jikina ba.

Ana cikin haka, ƙarshen wata damina, Gwaggo ta zo mana daga Doguwa. Ƙanwar Baba ce, mace mai kaifin baki da kaifin yatsa. A gabanta na fito a guje ina bin fara, na yi karo da Kaka tana ɗauke da ruwa, ta zube a kan gwiwarta. Kaka ta ce ba komai, ta tashi tana ɗingishi. Gwaggo ta jira sai da ta same ni ni kaɗai a bayan rumbu. Ta kama kunnena ta murɗe.

"Ka ci gaba. Ka ƙara ɓarna ɗaya a gidan nan, in sa babanka ya zo ya tattara ka. Ba za ka karya mana tsohuwa ba."

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Ni ban san wani gida ba sai ɗakin Kaka. A Tudun Wada akwai ƙannena har sun cika tabarma, wa zai bar mini ƙanzo a can? Daga ranar na shiga taitayina. Na koyi tafiya a hankali, na koyi zama na naɗe ƙafa, hannuwana a cinya. Yara su zo ƙofar gida su kira ni langa, in ce ba ni zuwa. Ƙafafuna su yi ta ƙaiƙayi, in danne su. Shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa. Kaka ta taɓa goshina ta ji ba zazzaɓi, ta jiƙa mini sabara ta ba ni, ta tambaye ni ko cikina ke ciwo. Na ce lafiyata ƙalau, don Gwaggo ta riga ta gargaɗe ni kada in kai ƙara.

A cikin wannan zaman ne masifar ta iso. Kaka tana da aminiya, wata Bafulatana mai tallan nono daga rugar da ke bakin daji. Ranar ta shigo da ƙwarya biyu, ɗaya a ka ɗaya a hannu, ta hannun tana kuka. Da aka ɗaga faifai sai ga 'yar mage, ja da fari, kunnuwanta sun fi fuskarta girma. Kaka ta ce saboda ɓeraye ne, tunda dawa ta kusa shiga rumbu. Yinin farko a ƙarƙashin gado ta yi shi, har na ɗan ji tausayinta. Ashe hutawa take yi.

Kashegari da asuba, Kaka na kan sallaya, sai ga abu ya fito kamar an harbo shi. Ta zaga ɗaki, ta haye gado, ta diro, ta dafe asabari ta hau har sama, ta rasa hanyar sauka ta hau kuka. Aka sauko da ita, ta koma. Ta cafki carbin Kaka, ta yi kokawa da tsintsiya, ta laɓe a bayan turmi ta faɗa wa ƙafar duk wanda ya gifta. Ta bi 'yan tsaki, uwarsu ta ba ta kashi, ta dawo gashi a tsaye tana tafiya a karkace. Can sai ta faɗi a inda take, ta yi barci kamar an zare mata rai. Da magariba kuma a sake sabon lale.

Duk wannan bai ƙona mini rai ba kamar maganar mazari. Kaka gwanar kaɗi ce, kuma a duniya abu ɗaya ta hana ni taɓawa, shi ne mazarinta. Wata rana da hantsi ta shafa alli a yatsa, ta murza mazari, zare ya fara fita siriri. Ina zaune a gefe na naɗe ƙafa. Sai na ga magen ta kwantar da ciki a ƙasa, tana karkaɗa ɗuwawu. Na ce a raina yau dai za ki gane kurenki. Ta yi tsalle ta rungume mazarin, zare ya tsinke, auduga ta watse, ta yi ta birgima tana naɗe kanta a ciki. Na zuba ido in ga muciya. Kaka ta tuntsure da dariya har da tari, tana share hawaye da gefen zani, ta ce yau dai gidan nan ya farfaɗo.

Wallahi na ji maganar nan har cikin ƙashina. Ni ina nan na ƙame kamar turke, ina azabtar da kaina don kada a raba ni da ita, ga wata baƙuwa daga zuwa tana yin duk abin da aka hana ni, ana mata dariya. Na yi kishi, kishi mai ɗaci, ba zan ɓoye maka ba. Nonon da ake zuba mata a sakaina, a idona daga rabona aka rage. Ta gano gefen gadona na jikin bango ya fi ɗumi, ta mai da shi nata. In na ture ta sai Kaka ta ce, "Haba maigida, baƙuwarka ce fa."

Na taɓa ce wa Kaka magen nan aljanu gare ta, a mayar da ita ruga. Kaka ta ce babu aljani ko ɗaya. Ta ce a ruga tana da 'yan'uwa da suke kokawa tun safe har dare, yanzu an raba ta da su, dole ta yi kokawa da tsintsiya. Abin da nake gani ɓarna, a wurinta koyon farauta ne: laɓewar, tsallen, cizon, duk na ɓera ne take gwadawa. Gudun asuba da na magariba kuwa, lokacin ne ɓeraye ke fitowa, jininta ne ke gaya mata. Ta ce ba a dukan ƙaramin abu don yana da lafiya, sai dai a nema wa ƙarfinsa hanya.

Haka kuwa ta yi. Ta mai da ƙwaryar nono cikin ragaya, ta daina kaɗi sai in magen ta yi barci. Ta sa aka jingina wani guntun icce a bakin ƙofa, duk lokacin da magen ta kama yagar tabarma sai ta ɗauke ta ta ɗora a kan iccen, har ta saba. Ta hana a yi mata wasa da yatsa, wai wanda ya ba ta hannu yau, gobe ƙafarsa za ta kama. In ta yi cizo, Kaka sai ta janye ta juya mata baya, wasa ya ƙare ke nan. Sannan ta ɗaure gashin zabo a bakin zare, ta ɗaura a kan kara, ta miƙo mini. Ta ce kafin a ba ta abinci in gajiyar da ita, in ja gashin a ƙasa yadda ɓera ke gudu, in ɓoye shi bayan turmi, daga ƙarshe kuma in bari ta kama, don maharbin da kullum yake dawowa hannu biyu rai ne ke ɓaci.

Dabarar ta yi aiki, magen takan ci ta lashe jiki ta kwanta, Kaka ta samu ta yi kaɗinta. Amma ka dubi wulaƙanci: ni maigida guda, an mai da ni mai yi wa mage hidima. A zaune nake yi, wuyan hannu kawai nake motsawa, ita tana shawagi a tsakar gida, ni ina haɗiyar yawu. Kaka takan tsaya da aikinta ta daɗe tana kallona, ta ce in tashi mana in ja mata da gudu. In ce a'a, nan ma ya isa.

Bayan an yanke dawa sai ga ƙarar babur a ƙofar gida. Baba ne. Na san ban yi laifin komai ba tun tafiyar Gwaggo. Na gaishe shi, na koma gefe na zauna tsaf don ya gani da idonsa. Yana durƙushe yana gaida Kaka, magen ta hango igiyar wandonsa na lilo. Kafin ka ce me, ta haye rigarsa har kafaɗa, ta yar masa da hula. Baba ya fizge ta yana tsaki. Ya ce wannan abar za ta shiga ƙafar Kaka ta kayar da ita wata rana, gara ya sa ta a buhu ya yar a hanya. Na ce a raina faɗuwa ta zo daidai da zama.

Kaka ba ta cika yi wa Baba magana kai tsaye ba, ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa. Amma ranar ta ɗago ta dube shi ido cikin ido, ta ce mage tata ce, ba inda za ta. Baba ya sunkuyar da kai. Can ya yi gyaran murya ya ce dama ya zo ne a kan maganar da suka yi, ana ɗaukar yara a makaranta, gobe zai tafi da ni. Na juya na kalli Kaka, ina jiran ta sake ɗagowa. Ba ta ɗago ba. Ta ce karatu ai ba abin ƙi ba ne, Allah Ya sa albarka. Ta tsaya wa mage, ni ba ta tsaya mini ba.

Da safe tana ɗaure mini kaya a ɗankwali, ƙuli-ƙuli da 'yar rigata, na kasa daurewa. Na ce mata ai ban ƙara ɓarna ba, ko sau ɗaya ban yi gudu ba, me ya sa za a tafi da ni a bar mage? Ta tambaye ni wa ya ce don ɓarna ne. Na kwashe maganar Gwaggo na gaya mata. Ta saki ɗankwalin, ta zauna a bakin gado.

"Ashe abin da ya same ka ke nan. Ni tun farkon damina na san za a tafi da kai. Na so in ƙoshi da ɓarnarka kafin ranar, sai ka yi mini shiru. Don shirun nan na roƙi magen, maigida. Ɓerayen me? Shekara nawa muna zaune da su?"

Ta ɗauko karan nan mai gashin zabo ta sa mini a hannu, ta ce in tashi in yi gudu ta gani. Na fita na zaga tsakar gida, na zaga rumbu, magen na bina, ina gudu ina kuka, na yi fatali da kwanon wanke-wanke, kaji suka watse. Kaka na bakin ƙofa tana dariya, gefen zani a fuska. Ban kai ga gajiya ba Baba ya tayar da babur.

Daga nan sai hutu nake zuwa, hutun ma ba kowanne ba. Magen ta girma ta natsu, ta zama mai zaman cinya, kuma tana nan a ɗakin har ranar da Allah Ya karɓi Kaka, ni ina aji. Yanzu ɗakin ya rushe, an yi na bulo da rufin kwano a wurin, 'ya'yan da ke gidan kuma in ka shiga za ka tarar da su jere a inuwa, kowa ya duƙufa kan waya, ba mai fasa ko da kasko. Iyayensu suna yabon natsuwarsu. Nawa 'ya'yan in suka cika gida da tsalle, uwarsu ta ce in tsawatar, bakina nauyi yake yi. Na yafe wa Gwaggo tuntuni, tsoron lafiyar uwarta ne ya sa ta. Magen ce dai, ga furfura a gemuna, na kasa. 'Yan kwanakin nan na ƙarshe nawa ne, dariyar da Kaka ta tanada tawa ce, ina zaune na naɗe ƙafa ita ta kwashe.