Rumbun Kakana Ranar Rantsar da Shugaba

Jiya a tashar Gummi na ji taken ƙasa a rediyon mai shayi, sai marigayi kakana ya faɗo mini a rai. Al'adarsa ce in shugaba zai yi magana, ya kara rediyo a kunne, ya hana kowa ko tari.

Ranar da sabon shugaban ƙasa ya yi jawabin kama mulki, muna zaune a garinmu Adabka, inda yake mai unguwa, gindin tsamiyar ƙofar gidansa. Shekarar ta yi tsanani, gidaje da yawa sun cinye har irin shuka, ga damina ta kawo kai. Mutane na ta tsaki, shi kuwa hawaye na bin gemunsa.

"Mutumen ga ya ɗauki yunwar ƙasa duka bisa wuya nai," in ji shi. "Ni unguwa guda za a tambaye ni gobe kiyama, amma jikina rawa yake."

Ya miƙe, ya sa aka buɗe rumbunsa na ƙarshe aka raba wa maƙwabta geron da ke ciki, su samu irin shuka. Inna ta ce, "Baba, mi za mu ci?"

Ya ce, "Abin da za su noma."

Har yau ina jin ƙamshin geron nan. Lokacin girbi, dammunan gero suka riƙa shigowa gidanmu daga maƙwabta, ba wanda ya roƙa.

Allah Ya sanyaya makwancinsa, Ya ciyar da shi kamar yadda ya ciyar.