Layin da Gwaggo Ta Shuka a Bakin Waya

Jama'a, a gyara zama, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu. Ga ta nan tafe, sarauniyar lambun bayan garejin gyaran mota, babbar kwamandar rundunar tumatir, wadda tsutsa ke jin takunta ta saki ganye ta faɗo don kanta. Gwaggona ke nan, yayar mahaifina, mai takalmin roba ƙafa ɗaya shuɗi ɗaya baƙi. Ban yi nisa a makaranta ba, amma ko a shafukan da na tsallake ba na jin akwai mai riƙo irin nata.

Gwaggo gajeriya ce, ba ta da yawan magana, in ta yi kuma sai ka gwammace duka. Mijinta tela ne, bayansa ya ƙage a kan keken ɗinki. Don haka da aka raba filin gado tsakaninsa da ƙaninsa, aka ja waya a tsakiya, ita ce ta ɗauki fartanya. Ƙanin nan gemunsa ya yi furfura, har jikoki gare shi, amma har gobe Auta ake ce masa, halinsa kuma bai girmi sunan ba.

Tumatirin Gwaggo ba shi da kyan gani. A tsugune yake kamar mai jiran mota, fatarsa da kauri, cikinsa tsoka ce ba ruwa ba. Amma a fili yake rayuwa, ruwan sama ya dake shi, rana ta gasa shi, ba ya fashewa. Ita ta mai da shi haka. Duk ƙarshen damina sai ta bi shukar kunya bayan kunya, gindin da ya tsaya da ƙafarsa bayan sauran sun kwanta ta ɗaura masa tsumma, ta bar 'ya'yansa su nuna luguf, ta matse a kan tsohon zane, ta shanya a inuwa, ta zuba a gwangwani da ɗan toka. Saboda wannan tumatir ne Mai Abinci, matar da ke da babban gidan abinci a bakin tasha, ba ta sayen na kowa sai nata. Da wannan ciniki gidan Gwaggo yake tsaye, don keken tela ya fi hutu a kan aiki.

Shekarar da abin ya faru, kaji suka shiga gadon da take renon dashe suka tone shi tas, ga lokacin dashe ya ƙure, sake reno ba zai yiwu ba. Auta ya leƙo ta kan waya, fuska cike da tausayi.

"Matar yaya, kwantar da hankalinki. Ina da ragowar dashe, iri ne na manya."

"Yana jure ruwa?"

"Ruwa? Wannan ko a tsakiyar kogi kika dasa shi sai ya yi."

A wurin wani mai rumfar leda ya kwaso shi, irin tumatirin da ake lallaɓawa a ƙarƙashin rufi, wanda ɗigon ruwan sama bai taɓa taɓa kakansa ba. Auta ya sani sarai, shi ya sa ko gindi ɗaya bai dasa a nasa gefen ba. Gwaggo ta dasa, ya tashi, ya yi tsawo, ya ɗauki 'ya'ya gwanin sha'awa. Sai ruwa ya sauka da gaske. Kafin a ce me, ganye ya yi baƙi, 'ya'yan duk suka tsattsage, ƙuda ya samu wurin zama.

Ranar da Mai Abinci ta zo da kwandunanta, ta tsaya a bakin lambu tana kallon ɓarnar. Auta kuwa yana jingine da turken waya kamar an gayyace shi.

"Matar yaya, tumatirinki akwai fara'a, kowanne baki har kunne." Ya juya ga Mai Abinci. "Ranki ya daɗe, zagayo nan, nawa ba sa dariya."

Ta zagaya, daga ranar kuma ta koma sayen nasa.

Da Gwaggo ta kai ƙara, tela ko ɗaga kai bai yi daga kan keke ba.

"Ki yi haƙuri, yaro ne."

"Yaro mai jika," in ji Gwaggo. Daga nan ba ta sake ta da maganar ba. Wanda bai san ta ba sai ya ce ta yafe.

Ta koma kasa kaya a bakin titi, ita da a da ake zuwa ɗauka har lambu. Tana zaune rana na dukanta, tana kallon kwandunan Auta suna wucewa tasha a kan baro, tana lissafin halinsa. Abu biyu ta sani game da shi tun tana amarya: ba ya sayen abin da zai iya ɗauka, kuma ba ya roƙon abin da hannunsa zai kai.

Da lokacin reno ya zagayo sai ta shiga shagon masu sayar da iri. Mai shago ya fara jero mata: wannan gajere ne ba ya son sanda, wannan mai hawa ne, wannan yana nuna da wuri, wannan yana jure cutar ganye.

"Na ji. Wanne ne ya fi kyan gani a fili, amma in an cire irinsa aka sake shukawa ya fi kowanne lalacewa?"

Mai shago ya dube ta da kyau. "Baba, mutane akasin haka suke tambaya."

"Ni ba mutane ba ce."

Ya miƙo mata wata 'yar takarda. Iri mai aure ne, in ji shi, uwa daban uba daban kamfani ya haɗa. Shukar farko sai wanda ya gani, amma 'ya'yan da za a cire daga cikinsa kowanne dangin kakansa zai bi.

"Shi nake so," in ji Gwaggo.

Ta cika lambu da tsohon irinta na gwangwani, ta ware layi ɗaya tak a jikin waya ta dasa baƙon. Ta kafa masa sanduna, ta ɗaure shi da tsummoki masu laushi, ta yi ta tattalinsa kamar jinjiri. Ya kuwa biya ta. 'Ya'ya suka sauko jajaye, kai ɗaya, suna sheƙi, wasu har sun leƙa ta cikin waya suna gaida Auta.

"Matar yaya, wannan kuma daga ina?"

"Daga inda ba ka da dangi."

Ta kan tsaya a gindin layin ta ɗaga murya, wai da tela take magana, shi kuwa yana can cikin gida: "Wannan irin, ko a gadon mutuwa nake ba zan ba kowa ba." Sannan ta tafi hutun tsakar rana, ta daɗe ba ta dawo ba, ita da a da ko ruwa a tsaye take sha.

Manyan 'ya'yan layin suka fara ɓacewa, waɗanda suka fi nuna, daidai na cire iri. Ba a jima ba ta hango wani zane a shanye a kan rufin kejin kajin Auta, tsaba ta manne a jiki. A ranar Gwaggo ta yi faɗa har muryarta ta dushe, ta tsine wa ɓarawo, ta tsine wa wanda ya haifi ɓarawo, har tela ya tuna mata cewa a yi hattara. Auta ya taya ta jaje.

"Yaran gareji ne, ba su da tarbiyya."

"Su ne," in ji Gwaggo. "Allah ya sa su ci abin da suka shuka."

Damina ta gaba Auta ya zubar da tsohon irinsa, ya cika filinsa kaf da na sata, ya kuma cika wa Mai Abinci baki cewa bana za ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Ta kuwa gani. Wani gindi ya haura sanda ya wuce kan mutum bai haifi komai ba. Wani ya kwanta a ƙasa. Wani ya yi 'ya'ya ƙanana kamar idon kaza, wani dogaye, wani ruwa tsululu, ka taɓa ya fashe. Wannan ya nuna yau, maƙwabcinsa kore shar. Kwando ɗaya mai kama da juna ya gagara haɗuwa.

Gwaggo ta fito da kujera ta ajiye a bakin waya.

"Auta, taron dangi kake yi ne? Na ga kowa ya zo da kamanninsa."

Ya jefar da fartanya, ya nufi gaban keken tela, Gwaggo na biye da shi.

"Yaya, matarka ta cuce ni."

"Na ba ka wani abu ne?" in ji Gwaggo. "Faɗa wa yayanka inda ka samu irin. Muna ji."

Auta ya sosa gemu. Tela ya dubi ƙaninsa, ya dubi matarsa, ya ci gaba da taka keke.

Mai Abinci ta dawo da kwandunanta da 'yar dariyar kunya, tana cewa dama ita tumatirin Gwaggo ne ke kama mata miya. Gwaggo ta bar ta a tsaye har ta gama cire ciyawar kunya guda. Sannan ta gindaya sharaɗi: za ta sayar, amma duk kwandon da aka cika, ba ta ƙofar gareji zai fita ba. Sai an zagaya da shi ta gaban ƙofar Auta, a hankali, ba a rufe ba. Har yau ta nan baro ke bi, ko da hanyar ta fi nisa kuma akwai kwata.

Rannan na sami Gwaggo a durƙushe tana ɗaura wa wani gindi tsumma. Na ce mata na rubuta tarihinta kaf, duniya za ta karanta, za a san akwai jaruma a bayan gareji.

Ko juyowa ba ta yi ba.

"To, sannu. Ɗaga ƙafarka, a kan shuka kake tsaye."